Sau Ɗaya Tak, In Ji Taubashi

A layin masu banda na Haɗejia akwai shago guda da za ka shiga hancinka ya ce kifi, idonka ya ce kwamfuta. Shagon Mardiyya ke nan. Tsofaffin unguwa sun daɗe da yanke hukunci cewa gyaran waya take yi, ita kuma ta gaji da musu, har takan karɓi wayar tsohuwa ta goge gilashin da gefen mayafi ta miƙa mata, tsohuwa ta tafi tana sa albarka wai an gyara. Ainihin sana'arta rubuta manhaja ce, wato abin nan da ke zaune cikin waya yana aiki ba a ganin hannunsa. Doguwa ce, mai ƙaramar murya da farin tabarau, kuma in ta kalle ka ta saman tabaran sai ka fara tunanin ko akwai ƙaryar da ka yi da safe.

'Yar Fannami ce, masuncin nan da kakanninsa suka gangaro daga gefen Tafkin Chadi, suka ga kogin Haɗejia suka ce nan ma ya isa. Uwarta Asabe mai banda ta haife ta da damina, a shekarar da ruwa ya cinye katangar bayan gidansu, shi ya sa har gobe in an tambayi Asabe shekarun 'yarta sai ta ce a je a tambayi katanga. Tun Mardiyya tana ƙarama aka gane ciwonta, wato karatu. Ba karatun kirki kaɗai ba, kowane iri. Takardar da aka naɗo ƙosai sai ta karance ta tas, ƙosan ya huce yana jira. Kwalin magani, bayan buhun taki, rubutun jikin motar kaya, ba wanda ya tsira. In aka ce ta sa hannu a takarda, mai jira ya nemi inuwa ya zauna. Ku riƙe wannan halin nata da kyau, za a neme shi a gaba.

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya raba ta da takarda, shi ne Abdulfattah, ɗan Gwaggo Aisa ƙanwar Fannami. Ɗan mace da 'yar namiji, taubasai ke nan, kuma kun san abin da al'ada ta halatta a tsakaninsu. Zagi ba laifi, ƙwace ba sata, wanda ya yi fushi kuwa shi ne abin dariya. Ita tana kiransa Bawan Gidanmu. Shi yana kiranta 'Yar Banda, wai ko da turaren Makka aka yi mata wanka tarwaɗa za a ji. Ya sace mata takalmi ranar salla, ta zuba masa ƙayar kifi a hula. Ya ɓoye mata alƙalami, ta gaya wa 'yan matan unguwa cewa tsoron kwaɗo yake ji. Amma wasan nasu yana da ƙa'ida guda wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki: duk abin da aka ɗauka ana mayar da shi kafin rana ta faɗi. Kuma Abdulfattah, a ba shi haƙƙinsa, bai taɓa saɓawa ba. Takalmin zai dawo da goriba a ciki. Alƙalamin zai dawo an fiƙe shi. Haka yarinyar ta girma da sanin cewa abin da wannan bawan ya ɗauka bai ɓata ba, yawo ya tafi.

Tare suka je Kano karatun kwamfuta. Kada wani ya ce yaron bai iya ba, ya iya, hannunsa yana da tsabta a aiki. Sai dai shi Allah ya ƙara masa da baki, irin bakin da zai yi wa mutum bayanin abin da ya riga ya sani har mutumin ya yi godiya. Da suka gama, ita ta dawo gida ta auri Abdulmannan, malamin firamare, mutumin da in ya haɗa jimla biyu a jere sai a ce yau surutu yake ji. Ta kama shago kusa da murhun uwarta, ta ɗora sola a kan kwano. Abdulfattah ya riƙa kai da kawowa tsakanin Kano da Haɗejia, kullum da sabon shiri a aljihu.

Shirin da ya yi rai kuwa daga kogi ya fito. Kowa a nan ya san halin kogin. Damina ta yi nisa, a saki ruwa daga sama, ciyawar kacala ta toshe masa hanyarsa, sai ya ce to bari in bi ta gonakin mutane. Labarin zuwansa kuma kullum a bayansa yake tafe, sai shinkafa ta nutse sannan a zo ana cewa ai an ji. Sai taubasan nan suka haɗa kai suka yi manhaja. Wasu masu sa ido can gefen Miga suna duba sandar awo da aka kafa a bakin ruwa su aiko da abin da suka gani, manhaja ta auna, wayar manomin da ke ƙasa ta buɗe baki ta gargaɗe shi.

Buɗe bakin ne ya zama aiki. Da farko muryar Abdulfattah aka sa, mutane suka ɗauka tallan maganin basir ne suka riƙa kashewa. Mardiyya ce ta ce a gwada Baba. Fannami ya yi shekarunsa a kan ruwan nan, ya san kowane kwari da kowane mashigi da sunan da masu wurin ke kiransa, ba sunan da ke taswira ba. Ya yarda, amma ya kafa sharaɗi, ba zai yi wa ruwa magana daga cikin ɗaki ba. Haka suka shiga kwale-kwale, shi da sanda, ita da waya, suna bi wuri wuri. In sun isa sai ya gyara murya ya ce, "Mutanen Wuyan Raƙumi, Fannami ne. Ruwa na tafe, ba da wasa ba. A kwashe abin kwashewa, a kai dabbobi tudu." Ana jin ruwa yana dukan katako, ana jin tsuntsaye, ana jin tarinsa. Kowane wuri kuma sai ya ƙara nasa gishirin. A wani ya ce masu jinkiri ya san su da sunayensu. A Gindin Giginya, inda gonar maƙwabcinsa Ɗanladi take, kwale-kwalen ya yi tangaɗi a tsakiyar magana, sai aka ji ya yi dariya ya ce, "Mardiyya, riƙe wayar da kyau, 'yar nan," sannan ya ci gaba. Ta so ta yanke wurin, mutanen Gindin Giginya suka ce in ta yanke ba su so.

Abin ya karɓu har mutane suka manta sunan da aka raɗa wa manhajar. Sai dai ka ji ana tambaya a kasuwa, "Fannami ya yi magana kuwa?" Don kada a cinye wa talaka data, Mardiyya ta tsara kowace waya ta ɗauki muryar yankinta kaɗai. Wayar da aka yi ɗaukar da ita daga baya ta faɗa kogi, amma hakan bai dame ta ba, tana da muryoyin a wuri biyu, a kwamfutarta da kuma a rumbun ajiya na intanet.

Sai wata rana da hantsi, Fannami yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a ƙofar gida, hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, amma ɓarin jikinsa da harshensa ba su tashi tare da shi ba. Mutumin da ake jin kiransa daga wannan gaɓa zuwa waccan ya koma sai ido da hannu ɗaya. Tun daga nan zamansa ya koma kan tabarma a ƙofar gida. Ɗanladi kuwa ya mai da shi al'ada, in zai wuce sai ya tsaya ya kunna masa gargaɗin Gindin Giginya, ko da rani ne ƙasa na tsagewa. Tsoho ya saurara, in an zo wurin dariyar sai ya ɗaga hannun mai lafiya ya dafa ƙirjinsa, wato ni ne nan. In Mardiyya tana kusa sai ta juya baya tana gyaran abin da bai lalace ba. A nan kaɗai ya rage mata ta ji ubanta ya kira sunanta.

To, a nan sai an ɗan yi haƙuri a ji yadda aikin nasu yake, don a cikinsa wuƙar take. Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce, gutsattsari ce. Rubutu nan, hotuna can, muryoyi a wani ɗakin. Akwai tsarin da ke tattaro su ya haɗa su su zama abin da waya za ta iya haɗiya, Mardiyya tana kiransa tsarin haɗi. Kamar girkin biki ne a hannun uwar tuwo mai tsari, a wanke, a jiƙa, a niƙa, a ɗora, kowane mataki a rubuce, kullum haka ko wa ya tsaya a murhun. Abin da ke rubuce cikin tsarin kowa yana iya buɗewa ya gani, in an yi kuskure a koma baya. Amma tsarin yana da 'yar ƙofa ta gefe. Wani lokaci buƙata kan taso wadda ba ta kullum ba, a sake wa fayiloli suna, ko a share tarkace, ko a rage wa hotuna nauyi. Irin wannan ba a shigar da shi cikin tsarin dindindin. Mai makulli ne zai rubuta umarni da hannunsa, tsarin ya aiwatar da shi da duk ƙarfinsa, sau ɗaya, shi ke nan. Shi ake kira umarnin sau ɗaya. Ba ya tambaya, ba ya waiwaye, kuma duk ɗakin da tsarin ke iya shiga shi ma yana shiga. Makullin rumbun muryoyi kuwa a kwamfutar Mardiyya kaɗai yake. Muryar ubanta ce, ba wanda ya taɓa ja da hakan.

Ana nan sai ga baƙi daga Abuja, 'yan wata ƙungiya masu farar mota da ruwan gora a hannu kamar an ce musu babu ruwa a Haɗejia. Abdulfattah ne ya zaga da su. Komai ya burge su sai abu ɗaya, muryar. Wai akwai tari a ciki, wai Hausar ta gida ce da yawa, wai ba za a iya ɗaukar tsoho ɗaya a kai shi kowane kogi a ƙasar nan ba. Su muryar inji suke so, wadda za a rubuta mata kowane suna ta karanta. Da Abdulfattah ya kawo maganar, Mardiyya ba ta ko ɗago kai ba.

"A can su nemo nasu Fannamin," in ji ta. "Nan muna da namu."

Ya yi dariya ya ce 'Yar Banda ba ta san ci gaba ba, ya bar maganar nan take. Saurin barin ne ya kamata ya ba ta tsoro, amma wa ke tsoron bawan gidansu?

Ya zaɓi ranarsa. Farkon damina ne, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas, kuma washegari Mardiyya za ta tafi Malam Madori bikin ƙanwar mijinta, inda za ta yi kwanaki tana fama da tukwane. Ya leƙo shagon yana toshe hanci.

"'Yar Banda, a shigo ko sai an nemo takunkumi?"

"Bawan Gidanmu, wa ya kwance ka? Shigo, amma kada ka zauna a kujerar mutane."

Ya zauna a kujerar mutanen, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ajiye mata filashin kwamfuta a kan tebur. Ya ce mutanen Kaugama suna kuka muryar Kawu tana cin data, don haka ya rubuta ɗan abin da zai matse fayilolin su yi sauƙi, ya haɗa sabuwar manhaja, ya sake ta gaba ɗaya kafin ruwa ya iso. Wannan kuwa abu ne da ita kanta ta daɗe tana son yi ba ta samu sarari ba.

"Sau ɗaya tak za ki gudanar da shi," in ji shi. "Ba sai an sa shi cikin tsari ba. Na gwada a wurina, lafiya lau."

Ta zura filashin, ta buɗe fayil ɗin, ta gyara zama za ta fara karatu. Rubutun yana da tsawo. Ba ta wuce kan farko ba sai ta ji fuskarta ta yi sakayau. Ya zare mata tabarau, ya maƙala a hancinsa.

"Kawo, ɓarawo."

"Kin karance takardar ƙosai, kin karance buhun taki, yau kuma ni za a karance? Jama'a ku zo ku gani, 'yar masunta tana binciken mai gidanta."

"Mai gidan wa? Uwarka ma a gidanmu aka haife ta. Kawo in gani."

"Muryar Kawu ce fa, Mardiyya. A bayansa na koyi iyo. Ni zan taɓa Kawu?"

Wannan ce ta kama ta. Ta ji kamar in ta ci gaba da karatun ta zage shi zagin da ba na wasa ba. A waje kuma Asabe tana ta kira a zo a kwashe kifi kafin ruwa ya sauko. Ba tabarau, allon kwamfutar ya zame mata hazo-hazo, amma yatsunta sun san hanya. Ya faɗa mata umarnin tana bugawa, layi ɗaya ne gajere, wanda zai kira wancan dogon rubutun. Ta danna.

Rubutu ya yi ta gudu a allon kamar tururuwa, ya tsaya. Abdulfattah ya cire tabaran, ya huce su, ya goge da bakin rigarsa, ya ajiye mata tare da dabino guda.

"Kin gani? Tun rana ba ta faɗi ba."

Ta jefe shi da murfin biro, ta kashe kwamfuta, ta fita kwasar kifi tana dariya.

Da ta dawo daga biki da la'asar, da lalle a hannu da gajiya a baya, ta tarar da ubanta a kan tabarmarsa, Ɗanladi yana tsugune a gabansa yana laluben waya. Ya kunna. Sai wata murya ta fito, sumul kamar an shafa mata mai, ba ta mace ba ba ta namiji ba, ta ce, "Sanarwa. Ana sa ran ƙaruwar ruwa a yankin Gindin Gijinya." Ko sunan wurin ba ta iya faɗa daidai ba. Ba ruwa, ba tsuntsu, ba tari. Hannun Fannami ya riga ya taso zai tafi ƙirji. Ya tsaya a hanya. Tsoho ya juyo da ido ya kalli 'yarsa.

Kun san abin da ta yi? Dariya. Wallahi dariya ta yi har da tafa hannu. Ta ce, "Bawan nan! Baba, rabu da shi, aikin ɗan ƙanwarka ne." Ta kira shi a waya bai ɗauka ba, ta tura masa saƙo cewa ya ci wannan karon, ya mayar.

Sannan ta je shago ta kunna kwamfuta. Fayilolin suna nan da sunayensu, Wuyan Raƙumi, Gindin Giginya, duka, amma kowanne ta buɗe sai mai sumul ɗin nan. Ta leƙa rumbun intanet, haka. Ta leƙa inda rumbun ke ajiye tsofaffin abubuwan da aka canja, an share shi ƙal kamar tsakar gidan amarya. Sai a sannan ta gyara tabarau ta karanta dogon rubutun nan daga farko har ƙarshe. Aiki ne mai tsabta, irin na Abdulfattah. A sa sabuwa, a goge tsohuwa a kwamfuta, a goge ta a rumbu, a zubar da kwandon shara. Bai manta ɗaki ko ɗaya ba.

Duk da haka ba ta yarda ba. Ta ce ai ya kwafa ya ɓoye a wani wuri, haka wasan yake. Ta fito da kujera ƙofar shago ta zauna tana kallon hanya, tana jiran ta hango shi yana tafe da filashi da goriba. Masu banda suka rufe murhu. Rana ta yi ja a kan rufin kwano, ta faɗi.

Da safe ta je gidan Gwaggo Aisa. Ta same shi a ɗaki yana ninke kaya cikin sabuwar jaka.

"Ina ka ajiye?"

"'Yar Banda, ko gaisuwa babu? Zauna mana."

"Rana ta faɗi jiya, Abdulfattah."

Tunda suka yi wayo ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ajiye rigar da ke hannunsa.

"Babu," in ji shi. "Ban ajiye ba."

"Da ka canja ka bar ta asali a gefe."

"Da na bari da kin mayar kafin baƙin su dawo. Na san ki. Na riga na gaya musu mun amince, kuma sun zo shekaranjiya sun ji da kunnensu tana aiki a nan. Sun ba ni kujera a can, za a kai abin nan jihohi. Ki yi tunani mana, mutum nawa ruwa ke ci a wuraren da ba su da Kawu?"

"Ka je ka yi musu. Wa ya hana ka? Me Baba ya tare maka?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da zif ɗin jaka. Da ya bar maganar a nan, wataƙila da wani abu ya rage a tsakaninsu. Amma mai baki ba ya iya barin kalmar ƙarshe a hannun wani. Ya ɗago ya yi ɗan murmushi, irin na wasa, ya ce, "Kuma ai ke kika danna."

Gwaggo Aisa, da ke jin komai daga bakin murhu, ta leƙo da muciya a hannu. "Haba Mardiyya, ke da taubashinki? Wasa ne ya yi yawa. Kada ki ba mu kunya a ce kin yi fushi da ɗan gwaggonki." Haka dangi suka yi ta faɗa a makon nan, kowa ya zo da nasa haƙurin kamar ana rabonsa kyauta. Murya ce fa, ba gona ba. Mai muryar ma ai yana raye. Asabe kaɗai ce ba ta ba da haƙuri ba. Tana juya kifi a kan ragar murhu ta ce ita dai a saninta abin da aka ɗauka ba a mayar ba yana da suna, kuma sunan ba wasa ba ne.

Abdulmannan ne ya yi maganarsa ta shekara. Ya ce, "Ba kowa ke da data ba." Mardiyya ta kalle shi, ta miƙe tsaye. Wayar da ba ta hau intanet ba tun ranar, ba ta karɓi sabuwar manhaja ba, tsohuwar muryar yankinta tana nan a cikinta. Abdulmannan ya tayar da babur, ta hau baya da kwamfuta a goye kamar jariri, suka shiga fadama cikin taɓo suna neman marowata. Ranar masu maƙo ta zo. Mutumin da duk ƙauye ke zagi don ba ya sayen data sai da salla, shi aka yi wa sallama da ladabi aka shimfiɗa masa tabarma. Wata tsohuwa a gefen Kaugama ta zaro waya daga ƙullin zane, gilashin a farfashe, ta ce ita tunda jikanta ya saka mata Fannami ba ta bari kowa ya taɓa ba. A ciki aka samu Wuyan Raƙumi, da tarin da komai. Mardiyya ta kwafa nan take.

Sun samu wasu. Ba su kai rabi ba. Mutanen Gindin Giginya kuwa, Allah ya yi su da son zamani, kusa da gari suke, kowa wayarsa a sabunte. Ta bi su gida gida, har wanda ya sayar da tasa ta bi mai sayen. Ba ta samu ba. Har yau in baƙo ya zo shagon daga wannan yankin da tsohuwar waya, sai ta karɓa ta duba kafin ta tambaye shi abin da ya kawo shi.

Makulli yana hannunta, don haka ta cire mai sumul ɗin daga manhajar Haɗejia. Inda aka samu muryar Fannami ta mayar. Inda ba a samu ba ta shiga kwale-kwalen Ɗanladi ta je wurin da kanta, ta tsaya a kan ruwa ta ce da 'yar ƙaramar muryarta, "Mutanen Gindin Giginya, Mardiyya ce, 'yar Fannami. Ruwa na tafe, ba da wasa ba." Mutane sun karɓa. Ɗanladi yakan kunna wa tsoho wannan ɗin, tsoho ya saurara, ya nuna ƙofar shago da hannu. Ƙirjin dai ya daina dafawa.

'Yar ƙofar gefen nan kuma ta yi mata gyara. Yanzu duk umarnin sau ɗaya da za a gudanar a tsarinta, sai ya fara jero abin da zai taɓa ba tare da ya taɓa ba, ya tsaya ya jira a ce masa to. Ɗakin muryoyi kuwa ko an ce masa to ba ya iya goge komai a ciki. Tabarau ta sa musu igiya ta rataya a wuya.

Da babbar salla Abdulfattah ya zo gida da mota, ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku. Ya shigo gaida Kawu, tsakar gida cike da dangi ana ta suyar nama. Yana hango ta ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yar Banda! Tun daga Kano nake jin ƙaurinki!"

Mata suka fara dariya, suna jiran ta rama. Mardiyya ta ajiye matsamin da ke hannunta, ta goge hannu, ta gyara mayafi, ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Malam Abdulfattah, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya, ya aiki? Allah ya ƙara girma."

Dariyar ta mutu a bakin mata. Mai baki guda ya koma gyaran zaman hularsa. Ya ce lafiya lau. Ta ce madalla, a kawo muku ruwa? Ya ce a'a.

Da zai tafi sai ya yi dabara. Ya cire hularsa, sabuwa dal mai tsada, ya ajiye a kan turmi dab da kwandon ƙayar kifi, ya yi kamar ya manta, ya fita yana tafiya a hankali. Bai kai ga mota ba ya ji takunta a bayansa. Ya juyo da sauri, fuskarsa har ta fara washewa. Ta miƙa masa hular da hannu biyu. Ya karɓa ya leƙa ciki, ya zura yatsa ya laluba. Ta kaɗe masa ita tsaf, ko ƙura babu.

"Kun manta hularku," in ji ta, ta koma ciki wajen suya.